Mabuɗin Kwalba ga Hannun da Ya Gaji: Abin da Na Gwada wa Mma da Kawu a Kumasi

Wata Asabar na leƙa gida a Aboabo na tarar da Mma tana cin shinkafa gaya, ga kuwa kwalbar shito, soyayyen yajin nan namu na Gana, nan a gefen tabarma a rufe. Na ce, "Mma, yau kuma babu yaji?" Ta ce wai ƙirjinta ne ke mata zafi. Sai da na ɗauki kwalbar na ga shatin tsumma da maiƙo a jikin murfin, sannan na gane an sha kokawa da ita kafin in iso. Matar da ta yi shekara da shekaru tana sauke tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, daga murhu ita kaɗai, yau murfin kwalba ya gagare ta, kuma ta gwammace ta ci abinci lami da ta ƙwala wa yaran maƙwabta kira.

Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne. Ya fi cin ta a gindin babban yatsa da wuyan hannu, da safe kuwa yatsun sai su ƙage kamar ba nata ba. A daidai wannan lokacin Kawu, ƙanenta da ya yi rayuwarsa yana kanikanci a Magazin, unguwar kanikawa da ke Suame, yana fama da shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na hagu har gobe zai iya murɗe noti, na dama kuwa sai dai a ɗora masa a cinya. Su biyun duka kwalba ta gagare su, amma abin da ya yi wa Mma amfani bai tsinana wa Kawu komai ba, wanda Kawu ke yabo kuma Mma ko kallonsa ba ta yi. Daga nan na fahimci cewa ba kwalba ake saya wa mabuɗi ba, hannu ake saya wa. Kafin ki fitar da sidi ko ɗaya, ki zauna ki kalli mai hannun yana ƙoƙarin buɗewa, ki ga a ina abin yake tsayawa. Yatsun ne ba sa damƙa? Murɗawar ce ke sa zafi? Ko kuwa murfin yana riƙuwa, kwalbar ce ke juyawa tare da shi don babu hannun da zai danne ta?

Shi ma murfin ba dalili ɗaya ke sa shi taurin kai ba. Sabuwar kwalba daga kanti, irin ta jam ko shiton kamfani mai murfin ƙarfe, da zafinta ake cika ta a rufe. In ta huce, iskar da ke ciki ta takure, sai iskar waje ta danne murfin. Nauyin iska a kan kowane santimita murabba'i kusan kilo 1 ne, murfi mai faɗin santimita 7 kuwa filinsa ya kai santimita murabba'i 38. Ko da kashi ɗaya cikin uku ne kawai bambancin ciki da waje, kamar an ɗora wa murfin kilo 12 ke nan. Shi ya sa tsakiyarsa yake lotsawa, kuma in an buɗe ake jin ƙas. Tsohuwar kwalba kuma, wadda muke wankewa mu zuba shiton gida ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko zuma, ita ba iska ce matsalarta ba: abin ciki ne ke shiga zaren murfin ya bushe ya zama gam, ko wani mai ji da ƙarfi ya ɗaure ta kamar yana ɗaure tayar motar haya ta trotro. Sai na uku, santsi. Man shito a jikin gilashi, ko man kaɗanya a tafin hannu lokacin hunturu, sun isa su hana ƙato ma buɗewa.

Na fara da mafi araha, wato faifan roba da ake ɗorawa a kan murfi. Akwai na silikon zagayayye a wurin masu kayan kicin a kasuwar Kejetia da Adum, akwai kuma wanda masu gashin ƙashi suka fi sani, mai suna Dycem, da ake yi a Ingila. Aikinsa ɗaya ne tak, hana santsi. Ba ya ƙara wa hannu ƙarfi ko ƙwayar zarra. Ga wanda ƙarfinsa ya ɗan ragu kawai, ko mai zufar hannu, ya wadatar. Ga Mma kuwa, da ta ɗora ta murɗa, zafin gindin yatsan yana nan daram, don har yanzu ita ce ke matsewa. Na kusa jefa shi cikin tarkace, sai wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ce mini in sa shi a ƙarƙashin kwalbar, ba a sama ba. Nan ne ya nuna amfaninsa. Kwalba ta tsaya cak a kan tebur, hannun hagu ya huta da matse gilashi, abin da ya rage masa kawai ya ɗan danna. Duk mabuɗin da za ki saya daga baya, ki haɗa da wannan, domin rabin wahalar buɗe kwalba a hannun da ke riƙe gindinta take, kuma shi ne kowa ke mantawa. In babu, guntun robar tif ɗin taya da aka wanke tas da sabulu yana yi, haka ma safar hannu ta wanke-wanke. Tsumma busasshe shi ne mafi muni, zamewa kawai yake.

Na biyu wani ɗan abu ne da in kin gan shi sai ki raina. Tsawonsa bai fi tafin hannu ba, siffarsa kamar mabuɗin kwalbar lemo amma na roba mai tauri. Na asalin sunansa JarKey, kamfanin Brix na ƙasar Danmak ne ya fito da shi, wata 'yar'uwarmu boga, wato mazauniyar Turai, ce ta zo mana da shi daga Jamus a cikin tsarabar da ba wanda ya kula da ita. Ba murɗawa ake yi da shi ba. Ana saƙala bakinsa a ƙarƙashin leɓen murfin a ɗan ɗaga sama, sai iska ta shige, tsakiyar murfin ya taso, a ji ƙas. Daga nan murfin da ya gagari kowa sai ya juyu da yatsu biyu. Ranar da Mma ta fara gwadawa a kan sabuwar kwalbar jam, sai ta dube ni ta ce, "Ke, shi ke nan? Ashe iska ce ke wasa da mu." Abin da ya sa nake fifita shi ga mai amosani shi ne ana iya danna shi da tafin hannu ko gefen hannu, babban yatsa ba ya shiga aikin sam. Ba ya tsatsa, ba batir, kuma murfin ba ya lalacewa, za a iya ci gaba da rufewa da shi.

Amma iyakarsa a fili take, kuma a gidajenmu na zango iyakar babba ce. Murfin ƙarfe mara zurfi na sabuwar kwalba kaɗai yake ci. Murfin roba irin na mayonis, ko kwalbar da aka riga aka buɗe zuma ta liƙe ta, babu iskar da za a saki a ciki, don haka ba shi da abin yi. Ki duba kantar gidan tukuna. Idan yawancin kwalaben tsofaffi ne da ake sake cikawa, to wannan ɗan taimako ne na lokaci-lokaci, ba shi ne babban mabuɗin gidan ba.

Babban mabuɗin, ga Mma dai, shi ne mai mariƙi dogo da baki kamar harafin V, gefe ɗaya da haƙoran ƙarfe. Ana tura murfin cikin bakin har ya cije, sannan a tura mariƙin zuwa hagu, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Lissafinsa kowane bakanike ya san shi, shi ne dalilin da ya sa ake zura wa sifana bututu in noti ya ƙi. Murfi mai faɗin santimita 7, daga tsakiyarsa zuwa baki santimita 3 da rabi ne. In mariƙin ya kai hannu nisan santimita 20 daga tsakiya, ƙarfin da ake bukata ya ragu kusan ninki shida. Kuma ba yatsu ke aikin ba, dantse da kafaɗa ne. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne na OXO, kamfanin da wani Ba'amurke, Sam Farber, ya kafa a 1990 bayan ya ga matarsa mai amosani tana shan wuya da abin feraye. Shi ya sa kayansu suke da mariƙi mai kauri da laushi, kuma nasu mabuɗin yana zuwa da faifan robar da ake sawa a ƙasa. Ni ba na asali na samu ba, wani mara suna na tsinta a wurin masu kayan kicin na gwanjo. Abin da na koya daga gare shi: kaurin mariƙi ya fi komai. Siriri yana tilasta wa yatsu su dunƙule sosai, dunƙulewar kuwa ita ce ke wa mai amosani zafi. Sai da na naɗe wa namu robar tif har ya cika tafin hannu sannan Mma ta karɓe shi da hannu biyu. Aibinsa, haƙoran suna karce murfin ƙarfe, a daminar Kumasi kuwa wurin karcen nan da nan yake tsatsa, murfin roba mai laushi kuma suna iya yagar masa baki. Yana kuma bukatar a ci gaba da tura shi ciki yayin da ake juyawa, in an sassauta sai ya kuɓuce.

Akwai ɗan'uwansa mai muƙamuƙi uku da ake matsewa da wani maɓalli a sama kafin a juya. In ya kama, ya kama ke nan, ba ya kuɓucewa. Sai dai maɓallin da yatsu ake murza shi, kin ga an gudu ba a tsira ba. Ga mai ciwon wuyan hannu wanda yatsunsa lafiya lau, yana da kyau ƙwarai. Ga Mma bai yi ba.

Wanda zan ce a yi hattara da shi shi ne wanda ya fi yawa a kasuwa da shafukan saye da sayarwa na intanet: mai ramuka huɗu ko biyar jere, launi-launi, kamar filaya ta roba. A hoto yana da ban sha'awa, wai yana buɗe komai daga ruwan gora har babbar kwalba. Amma sai an matse ƙafafunsa biyu da ƙarfi kafin ya riƙe murfi, matsewar nan kuwa ita ce ainihin abin da mai raunin damƙa ya rasa. Namu a mako na uku robar cikinsa ta saɓule. Amfaninsa ɗaya da na gani, ƙaramin ramin yana buɗe murfin gorar ruwa da na sobolo, wato zoɓo, masu faɗin kamar santimita 3, waɗanda mai bakin V yakan kasa kamawa da kyau.

Kawu ne ya kawo shawarar bel. Da ya ga muna ta fama, ya ce da ɗansa, "Kai, je shago ka ɗauko mini abin kwance filtar mai, na roba fa, ba na sarƙa ba." Maɗauri ne na roba mai mariƙi, ana zagaya shi a jikin murfi a ja, yadda aka ƙara juyawa haka yake ƙara matsewa da kansa. Wannan ita ce falalarsa, ba ya neman damƙa, kuma babu ruwansa da girman murfi, daga ƙaramar kwalba har babbar robar man gyaɗa. Ba ya karce komai. In za a saya, a sayi sabo a keɓe shi ga kicin, kada wanda ya sha baƙin mai ya kusanci abinci, mai sarƙa kuwa fasa gilashi zai yi. Wahalarsa ita ce saitawa. Zura bel ɗin da daidaita shi a kan siririn murfi aikin hannu biyu ne masu natsuwa, in murfin gajere ne sai bel ɗin ya riƙa haurawa sama. Maiƙo kuma yana kashe shi, dole a goge murfin tukuna. Mma ta ce ita ba za ta zauna ɗaura wa kwalba ɗamara kullum ba. Shi kansa Kawu mai shawarar, da hannu ɗaya bai iya saita shi ba, abin har ya ba shi dariya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa maganar Kawu ta bambanta gaba ɗaya. Shi ba ƙarin ƙarfi yake nema ba, hannu na biyu yake nema. A ƙasashen Turawa abin da ake ba irinsa shi ne mabuɗin da ake kafewa da sukurori a ƙarƙashin kabad ɗin kicin, faranti mai V da haƙora yana kallon ƙasa. A tura murfin ciki, a juya kwalbar, kabad ya riƙe murfin. Dabara ce mai kyau, kuma ga mai hannu biyu masu rauni ma tana yi, don yana iya rungumar kwalbar da tafuka biyu ya juya da dukkan jikinsa. To amma gidajen haya nawa ne a Asawase ko Aboabo suke da kabad a bango? Mu a baranda muke girki, mai gida kuma ba zai so a huda masa bango ba. Ga shi kuma kwalbar a rataye take a iska, in murfin ya saki ba zato, hannu ɗaya ne ke ɗauke da nauyinta, man shito sai ya yi wanka da mutum.

Abokan aikin Kawu na Magazin suka juya dabarar. Maimakon a kafe murfi a juya kwalba, sai aka kafe kwalba a juya murfi. Kafinta ya samo katako mai kauri, ya buga masa sanduna biyu a siffar V, aka lulluɓe cikinsu da robar tif, aka ɗaure katakon a kan bencinsa da maƙalar ƙarfe da mai walda ya haɗa. Kawu yana ajiye kwalba a kai, ya tura ta cikin V ɗin da cikinsa ko gwiwarsa, ya murɗe murfin da hannunsa mai lafiya. In sabuwa ce, ya fara sakin iskar da JarKey, wanda shi ma da hannu ɗaya yake aiki muddin kwalbar a tsaye take. Kwalba tana zaune a kan katako, babu abin da ke zubewa. Duk cikin abubuwan da muka gwada, wannan ne ya fi ƙarancin kuɗi idan aka cire faifan roba, kuma shi kaɗai ne Kawu ke amfani da shi kullum. In za a yi wa wani, a tabbata an goge duk wani kaifi, kuma V ɗin ya buɗe sosai yadda babbar kwalba za ta shiga.

Saura mai batir, wanda kowa ke tambaya a kansa don shi ne mai burgewa a bidiyo. Ana ɗora shi a kan murfi a danna maɓalli, hannuwansa na waje su kama kwalbar, na ciki su kama murfin, ya juya da kansa yana ƙara. Yawancinsu batir biyu suke ci, irin na AA. Gaskiya ga wanda hannuwansa biyu duka suka yi rauni sosai, ko mai rawar hannu, babu abin da ya kai shi, don ba ya neman komai sai danna maɓalli. Amma shi ne mafi tsada, kuma yana da zaɓe. Kwalbar gilashi zagayayya mai matsakaicin girma yake so. Robar da ba ta da kauri yana matse ta ta lotse, ƙaramin murfi ba ya kama shi, mai kusurwa huɗu kuma yakan zame. Namu da na yi oda, wanda ko sunan kirki babu a jikinsa, da batir mai araha sai ya kama kwalba ya tsaya a tsakiya, ya ƙi gaba ya ƙi saki, Mma tana ta salati. Sai da batir mai kyau yake aiki, in kuma aka bar batir a ciki ya kwana biyu a laimar nan tamu, ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Wanda ake jonawa a wuta kuwa, in daga Amurka aka aiko shi, a duba jikinsa: wutarsu 120 ce, tamu a Gana 230, in babu na'urar rage ƙarfin wuta, jonawar farko ita ce ta ƙarshe. Ranar da aka ɗauke wuta kuma sai a ci abinci babu shito.

Da za a ce in sake sayayyar daga farko, ga mai amosani irin Mma abu uku zan saya in tsaya: faifan roba na ƙasa, mai bakin V mai kaurin mariƙi, da ɗan mabuɗin sakin iska. Ga mai hannu ɗaya, kafinta zan fara nema kafin kanti. Mai batir sai in hannu biyun duka sun kasa. Kuma in zan je Kejetia, da kwalbar gidan zan tafi a jaka, in ya yiwu da mai hannun ma, don hannuna ba zai gaya mini abin da nata zai ji ba. In oda ce, in auna faɗin murfin mafi girma da mafi ƙanƙanta da tef ɗin tela, in gwada da abin da aka rubuta a tallar.

Wasu abubuwan kuma ba na saye ba ne. Kwalbar da zuma ko shito ya liƙe, a kifa ta a tsoma murfin cikin ruwa mai ɗumi na minti ɗaya ko biyu. Ƙarfe ya fi gilashi saurin buɗewa da zafi, gam ɗin kuma ya narke. Ban da tafasasshen ruwa a kan kwalbar da ta fito daga firji, tsagewa za ta yi. Dukan murfi da bayan wuƙa da muka saba, ni na hana a gidanmu, tun da na ga ɓarɓashin gilashi a bakin wata kwalba. Na kuma kafa wa yaran gidan doka: duk wanda ya ɗebi shito ya goge bakin kwalbar, ya rufe a hankali, ba gasar ƙarfi ake ba. Kwalaben magani masu murfin da sai an danna sannan a murɗa, babu mabuɗin da na gani yana yi musu da kyau. Mun roƙi mai kemis ya juye wa Mma nata a mai murfi na yau da kullum, muka ajiye a sama inda jikoki ba sa kaiwa. Wani abu kuma da ba na wasa ba: in hannu ya mutu farat ɗaya, yau lafiya gobe cokali na faɗuwa, ba mabuɗi za a nema ba, asibiti za a ruga, domin da haka na Kawu ya fara. A asibitin Komfo Anokye akwai sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, su ne ma suka fi kowa sanin irin kayan da ya dace da kowane hannu.

Abin da har yau ya gagare mu shi ne 'yar kwalbar maganin ɗigawa a ido. Murfinta bai kai kan ɗan yatsa ba, duk mabuɗan nan babu wanda ya kama shi, na kuma kama Mma sau biyu tana buɗewa da haƙori. Na naɗa masa robar ɗaure kuɗi ya ɗan yi kauri, ta ce da sauƙi amma da saura. Kawu ya ce in kai wa mai waldan nan nasu ya gani, wai yana da wata ƙaramar filaya da za a iya lanƙwasa wa baki a sa mata dogon mariƙi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan hau mota zuwa Suame da kwalbar a jaka.